Ruwan Wakra Ya Dawo

Gidan da Yaya Ismail ya kama mana a Wakra, bakin tekun Qatar, ƙarami ne: ɗaki biyu, falo, kicin, da baranda biyu, ɗaya mai kallon tashar jiragen ruwa. Ya kama shi ne saboda mahaifiyarsa, Hajiya Atine, wadda ta zo daga Funtuwa ganin sabon jikanta. Tun da ta sauka Doha take cewa an kulle ta a akwati, don gidansu na unguwar Mansura a saman bene yake, tagarsa kuma bangon maƙwabta take kallo. Shi ne ya ce ƙarshen mako sai bakin teku, ta sha iska. Ni kuma yayata Nasira, matarsa, ta kira ni daga masaukin ɗalibai ta ce in taho da kwamfutata, in taya ta riƙon jariri Mudasiru, in yi rubutun digirina a inda babu hayaniya.

Sai kuma Jidda, 'yar farin Yaya Nasira, mai shekara shida da bakin mai sittin.

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cigiyarsa, ba ta nuna ta san ya ci ko bai ci ba. Haka Innarmu ta yi wa Yaya Nasira, haka muka taso muka gani. A Mansura dai abin ya yi sauƙi, tunda babu kaka babu goggo, dole uwa ta yi komai da kanta. Na sha tarar da Yaya ta ɗora Jidda a gabanta tana yi mata kitso suna musu kan katun. Sunan ne kawai ba ta faɗa, sai "ke" ko "yarinyar nan", ita kuma Jidda tana ce mata Anti.

Zuwan Hajiya ya mayar da komai yadda yake a gida. Jidda ta koma ɗakin kakarta da kwana, kwanonsu ɗaya. Yaya ta daina kallon inda take. A daren da muka iso Wakra na ji Hajiya tana gaya wa ɗanta, da ƙarfi don a ji a kicin: "Matarka tana da kara, Isma'ila. Yaran yanzu har goya ɗan fari suke a gaban suruka suna ɗaukar hoto." Ina tsaye kusa da Yaya ina goge kofuna. Na ga maganar ta yi mata daɗi, na kuma ga ta ƙara sunkuyar da kai.

Da safiyar Juma'a muka fita zagaye. Watan Janairu ne, iska mai sanyi tana kaɗawa, rana ba ta da zafi. Muka bi ta tsohuwar kasuwar mai bangon ƙasa da ƙofofin katako, muka ɓullo bakin teku. Sai dai babu tekun. Ruwa ya janye can nesa, ya bar fili mai danshi, yashi da laka, da ƙananan ƙaguwa suna gudu a kai. Jiragen katako na masunta suna kwance a gefensu, kowanne da doguwar igiya an ɗaure a wani turken ƙarfe da ke gaɓa.

Hajiya ta dogara da sandarta ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne tekun da aka cika min kunne da shi? Ai ko dam ɗin Mairuwa da rani ya fi shi ruwa."

"Zai dawo, Inna," in ji Yaya Ismail yana dariya. "Haka yake yi."

"Ya je kasuwa ke nan. To a gaishe shi."

Jidda kuwa ta tuɓe takalmi ta shiga tsakanin jiragen da gudu, ɗan hijabinta ruwan ɗorawa yana tashi a bayanta. Akwai wani jirgi mai shuɗin baki da aka jingina wa tsani. Ta dafa tsanin, ubanta ya daka mata tsawa, ta dawo tana kumbura baki. Daga nan muka sayi kifi a tasha muka koma gida.

Kafin kiran farko Yaya Ismail ya yi wanka, ya sa farin kaftani, ya ɗauki darduma ya tafi masallaci. Hajiya ta shige ɗaki da carbinta. Yaya Nasira ta goya Mudasiru ta ɗora tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da Hajiya ta zo da ita. Ni na zauna a baranda ta baya, na toshe kunnuwana, na shiga gyaran babin da malamina ya dawo min da shi.

Ƙishirwa ce ta shigo da ni kicin. Na tarar tuwo ya nuna, an kwashe, an rufe. Amma Yaya tana tsaye gaban tukunyar miya tana juyawa, wuta kuwa a kashe. Na zuba ruwa na sha ina kallonta ta gefen ido. Ta ajiye ludayi, ta fita falo, ta je har ƙofar ɗakin Hajiya, ta tsaya kamar mai saurare, sannan ta gyara labulen da bai karkace ba, ta dawo. Ta ɗauki ludayin ta ci gaba da juya miyar.

Sai a lokacin na lura da shirun gidan. Inda Jidda take ba a shiru.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau." Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ruƙayyatu, kai wa Hajiya ruwa mana. Ki duba min ko ita kaɗai ce."

Na ɗauki kofi na tafi. Hajiya tana zaune kan sallaya, ƙafafu a miƙe saboda ciwon gwiwa, tana jan carbi idonta a rufe. Na duba kan gado, na duba bayan ƙofa. Banɗaki a buɗe yake, ba kowa. Na durƙusa da kofin a hannu, na rasa yadda zan katse mata lazimi. Lasifikar masallaci tana kawo muryar liman, an yi nisa a huɗuba.

Ta shafa addu'a ta buɗe ido.

"Rakiya 'yar boko. Ina uwar iyayin? Tana can tana lasar muciya ko?"

"Hajiya, ba tana nan wurinki ba?"

"Wurina? Tun kafin ladan ya buɗe baki na kore ta, ta hana ni lazimi da surutu. Na ce ta tafi kicin."

Ban san Yaya ta biyo ni ba sai da na ji numfashinta a bakin ƙofa. Hajiya ta dube ta, ta dube ni.

"Nasira, ba ta zo ba?"

"Na ɗauka tana nan."

"Tun yaushe kika daina jin motsinta?"

Yaya ta kalli ƙasa. "Tun kiran farko."

Hajiya ta ajiye carbinta. Ta san dalilin da ya hana a zo a tambaye ta, mu duka mun sani. Ta miƙa min hannu na tashe ta. Muka duba ƙarƙashin gadaje da bayan kujeru. Ƙofar gaba a saye take, ba a kulle ba, kuma takalmin Jidda ba ya cikin takalman da ke bakin ƙofa. Na kira wayar Yaya Ismail, tana kashe, kamar yadda yake yi duk Juma'a.

"Ke zauna da yaro," Hajiya ta ce wa Yaya. "Ni da Rakiya za mu duba. Ba ta yi nisa ba, 'yar banza."

Yaya ta ce "To." Ta koma ta tsaya a tsakiyar falo, hannayenta a bayanta suna jijjiga goyon da ba ya kuka.

Titin ba kowa. Ranar Juma'a a wannan lokaci duk shaguna a rufe suke, maza suna masallaci. Hajiya ba ta iya sauri, ta ce in yi gaba. Na shiga lungunan kasuwa, na leƙa wurin lilon yara, na leƙa bayan shagon alawa inda Jidda ta tsaya da safe. Na san ya kamata in kira sunanta. Na buɗe baki na ce "Jidda," muryar ta fito kamar ina amsa tambaya a aji. Ni da ko a taron ƙara wa juna sani sai an ce in maimaita abin da na faɗa.

"Sista, mi ya faru?"

Matar gidan da ke kusa da namu ce, Fausatu, 'yar Gana. Jiya muka gaisa ta kan katanga, ta ce ita da mijinta a unguwar Bin Mahmud ta Doha suke, sun zo hutu kafin ta haihu. Ga ta nan tafe da tsohon ciki, ta fito miƙe ƙafa. Hausarsu ta Zango ba ta cika raba mace da namiji ba.

"Yarinyarmu muke nema. Mai hijabi ruwan ɗorawa."

"Yarinya ya ɓata, kina kira kamar kina gulma? Mi sunanshi?"

Na faɗa mata. Ta dafe ƙugu ta ja numfashi.

"Jiddaaa!"

Tattabarun da ke kan rufin kasuwa suka tashi gaba ɗaya. Ba a amsa ba.

"Kin duba bakin ruwa? Yara duka can suke zuwa. Yalla, mu je."

Da muka ɓullo bakin teku sai na tsaya cak, na ɗauka mun ɓata hanya. Filin da muka taka da safe babu shi. Ruwa ya cika shi har gindin turakun ƙarfe, yana lasar yashi yana komawa. Jiragen da na bari a kwance sun tashi tsaye, suna rangaji a hankali, igiyoyinsu sun miƙe. A kan busasshen yashi, kusa da wani turke, ga takalmin Jidda an jera su tsaf, yadda Hajiya ta koya mata.

Fausatu ta ce, "Innalillahi."

Na kasa kallon ruwan, sai na koma kallon jiragen ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake bin layi in ina neman kuskure a rubutu. Na nemo mai shuɗin baki. Tsanin da aka jingina masa ya faɗi, yana yawo a gefe. Can a saman bangon jirgin na ga wani abu ruwan ɗorawa ya ɗago, ya koma.

"Tana ciki," na ce. "Ga ta can."

Fausatu ta sake kwarara kira. Kan Jidda ya fito. Ko daga nesa ana ganin ta daɗe tana kuka. Tana ganinmu ta miƙe tsaye ta fara ihu, jirgin yana rangaji da ita, sannan ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ɗora a kan bangon.

"Kar ka sauka!" Fausatu ta yi ihu. "Tsaya nan!" Ta ciro waya tana danna lambar agaji, ta dube ni. "Kin iya ruwa?"

"A'a."

"Ni na iya, a Sakunde bakin teku na girma, amma kin ga ciki. Kama igiya. Kar ki saki ko mi ya faru. Ki ja ƙafa a ƙasa, kar ki ɗaga."

Ban tuna na yanke shawara ba. Na ga dai na ajiye wayata a kan takalmin Jidda, na kama igiyar jirgin na shiga. Sanyin ruwan ya soki ƙashina. Igiyar tana da santsi da wani koren abu, ƙasa kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Abayata ta sha ruwa ta yi nauyi tana naɗe min ƙafafu. Ina ji ruwan yana tura ni baya a hankali, kamar mutane a ƙofar jirgin ƙasa.

"Jidda, ki koma ciki. Ina zuwa."

Ba ta ji ni ba, ko ta ji bai shige ta ba. Ba ni take kira ba ma, uwarta take nema. "Anti! Anti!" take yi, tana kallon gaɓa. Yanzu ta hau bangon sosai, ta yi zaman doki a kai, ƙafa ɗaya tana reto a saman ruwa. Tsakaninta da ruwan ya fi tsayin mutum, ruwan da ke ƙarƙashinta kuma ya fi ƙarfin tsayinta nesa ba kusa ba.

Ruwa ya kai min ƙirji. Na ƙara ja, ya kai wuya. Wata 'yar igiyar ruwa ta zo ta mare ni a baki, na haɗiyi gishiri, na yi tari har idona ya rufe. A nan na tsaya. Igiyar daga nan sama ta yi zuwa hancin jirgin, in na ƙara taku ɗaya ƙasa za ta ƙwace min. Jidda tana sama da ni, kusa har ina ganin majinar da ke hancinta, amma ko na miƙa hannu ba zan kai ba. Kuma na san in ta faɗo kaina mu biyu za mu nutse.

"Jidda, don Allah. Dubi nan. Ki mayar da ƙafarki."

Ta dube ni. Sai ta juya ta kwanta da ciki a kan bangon, ta fara zuro ɗaya ƙafar, za ta sauko wurina.

"Ke!"

Muryar ta zo ta saman ruwa, a bushe, babu kuka a cikinta babu lallashi. Ita ce muryar da Yaya Nasira take yi wa Jidda magana da ita tun zuwan Hajiya.

"Koma ciki ki zauna. Yanzu."

Jidda ta daskare.

"Ba da ke nake ba? Zauna, ki naɗe ƙafa."

Ƙafar ta koma. Jidda ta zame cikin jirgin, na ji ƙarar zamanta a kan katako. Kukan ma ya ragu, sai shessheƙa.

Na waiwaya a hankali don kar ƙafata ta goce. Yaya tana tsaye cikin ruwa har gwiwa, da zanen girki, babu mayafi, Mudasiru a bayanta. Goyon ne ya hana ta ƙara gaba. A bayanta kan yashi ga Hajiya ta iso, ta dafa sanda da hannu biyu, ga Fausatu da waya a kunne tana kwatance da Larabci rabi da Turanci rabi.

Daga lasifika na ji liman ya yi kabbarar raka'a ta biyu.

Ban taɓa sanin sallar Juma'a tana da tsawo ba sai ranar. Na kasa gaba, na ji tsoron baya, don in na saki wurin Jidda za ta ga na tafi. Na ɗaga haɓa sama, na tsaya kan yatsun ƙafa. Hannayena suka mutu a kan igiya. Ruwan yana ƙaruwa kaɗan kaɗan, ina jin sa yana hawa bayan kunnena. Duk lokacin da kan Jidda ya fara ɗagowa sai in ji "Ke!" daga gaɓa, sai kan ya koma.

"Anti Rakiya," ta ce daga ciki. "Ruwan ne ya zo ya ɗauke tsanin."

"Na gani."

"Ni koɗi kawai na zo nema wa Hajiya. Sai na hau in ga ciki. Sai na yi barci kaɗan."

"Ba komai. Ki zauna."

"Anti za ta dake ni?"

Na buɗe baki in amsa, ruwa ya shiga. Na tofar.

Aka yi sallama. Jim kaɗan na ji hayaniyar maza, sannan muryar Fausatu sama da ta kowa: "Ga shi can! Mai farin riga, zo, ɗiyanka ne!" Sai ƙarar mutum yana keta ruwa da gudu. Yaya Ismail dogo ne, inda ruwa ya kai min haɓa shi a ƙirji yake masa. Ya wuce ni da kaftaninsa da hularsa, dardumar tana kafaɗarsa don ya manta da ita. Ya kamo tsanin da ke yawo, ya kafa shi a laka ya danne da jikinsa.

"Taho, Jidda. A hankali. Juyo da baya."

Ta sauko ya ɗora ta a wuya, ta rungume kansa har hular ta faɗa ruwa. Ya juyo wurina, ya ga yadda nake. Ya miƙo hannu, ni kuma na kasa sakin igiya, yatsuna sun ƙi buɗewa. Sai ya zare dardumar ya naɗa gefe ɗaya a damtsena, ya riƙe ɗayan.

"Ruƙayyatu, saki. Na riƙe ki. Saki mana."

Na saki. Haka ya ja ni har ƙafata ta samu yashi mai tauri.

Mutane sun taru a gaɓa, 'yan Indiya da Larabawa da wasu 'yan Sudan, kowa da dardumarsa. Motar agaji ta tsaya a bakin titi, mutum biyu suna saukowa da jaka. Yaya Ismail ya sauke Jidda a inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Ta tsaya tana rawar sanyi, ta dubi uwarta da ke nan kusa, ta dubi kakarta da ke can kan yashi, ta rasa inda za ta nufa.

Yaya Nasira ba ta motsa ba. Hannayenta suna gefenta, yatsun suna buɗewa suna rufewa. Ta saci kallon Hajiya, ta mayar da ido kan ruwa.

Hajiya ta gyara riƙon sandarta. Ta juya mana baya gaba ɗaya, ta fuskanci kasuwa, ta kama hannun Fausatu ta juyar da ita ita ma.

"Ke 'yar nan, kika ce daga ina kuke? Gana? Wane gari? Akwai wani ƙanen mijina da ya tafi fataucin goro can, bai dawo ba. Zo ki raka ni in zauna, gwiwar nan ta ishe ni."

Suka fara tafiya a hankali, Hajiya tana ta tambaya ba ta jiran amsa.

Yaya ta durƙusa cikin ruwan da goyonta, ta fizgo Jidda ta haɗa ta da ƙirjinta. Tana shafa kanta, tana taɓa hannayenta da ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ta sake rungume ta, kafaɗunta suna girgiza. Mudasiru ya farka ya fasa kuka, ba ta ko jijjiga shi ba.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan agajin ya yafa min bargo, ya tambaye ni da Turanci ko na sha ruwa da yawa. Na ce kaɗan. Ya ce in maimaita, bai ji ba. Na zauna a kan yashi, haƙorana suna haɗuwa, na ce masa a fara duba yarinyar, amma a ɗan jira tukuna.